Ajiya a Cikin Suwic

Ranar da na sallama kayan shagona ban yi baƙin ciki ba, gajiya ce kawai ta ishe ni. Shekaru na yi a Batsari ina buga wa mutane takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarabawa, ina koya wa 'yan sakandare riƙe linzamin kwamfuta ba tare da sun shaƙe shi ba. Da al'amarin 'yan bindigar daji ya tsananta, mutanen ƙauye suka rage shigowa, malaman da ke kawo mana aiki suka nemi canji zuwa Katsina, sai ya zama ni da abokin aikina muna zaune tun safe muna kallon juna, janareta yana shan mai a banza.

Abokin nan nawa Bafulatani ne. Tare muka yi makaranta tun firamare, tare kuma muka buɗe shagon. Ni ne mai baki da tarbar masu kawo aiki, shi ne mai haƙurin zama da wayoyi da saiti. Ina ce masa ɗan Fillo, yana ce mini Kaɗo, ba wanda ya taɓa jin haushi a cikinmu. Iyayensa noma da kiwo suke yi ta wajen Wagini, kafin a kwashe musu shanu su dawo bakin gari da zama.

Dillali ne ya kawo mai saye, wani Alhaji daga Safana mai makarantar kuɗi, yana son buɗe wa ɗalibansa ɗakin kwamfuta. Ya duba kwamfutoci, ya duba firinta, sannan ya nuna akwatin ƙarfen da ke maƙale a bango, mai bakunan waya a jere da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa. Na ce masa suwic ke nan, shi ne ke haɗa kwamfutocin su san juna. Aka yi ciniki, aka ja aka sassauta, dillali ya kama hannuna ya kama nasa, na ce na sallama. Alhaji ya kafa sharaɗi guda, cewa kada a taɓa saitin suwic ɗin, don ba ya son ya kai shi Safana ya tsaya neman mai tada masa shi daga tushe. Na ce lambar sirrina kaɗai zan cire, ya ce wannan ba laifi.

A wurinmu in ka ce ka sallama, kaya sun bar hannunka ko da suna cikin ɗakinka. Ajiya kake yi wa mai su. Wanda ya sallama babur ba ya komawa da daddare ya canja masa taya, in kuwa aka kama shi yana yi, ya gama ciniki a kasuwar nan. An yi da Alhaji cewa mota za ta zo ranar kasuwa ta ɗauka.

Washegari da hantsi na zauna ni kaɗai, na jona shuɗiyar wayar da ake saiti da ita daga laftof ɗina zuwa suwic ɗin don in cire lambar sirri. Al'adata ce duk na'urar da na shiga sai na fara duba abin da ke cikin ma'ajiyarta, hannuna ma shi ke bugawa ba tare da na yi tunani ba. Abin da ya kamata in gani na san shi: babban fayil ɗin da ke tada na'urar, da na saiti, da wani ɗan ƙarami a gefensu. Suna nan kuwa. Amma a ƙarƙashinsu ga wasu fayiloli jere har ƙasan fuskar kwamfuta, ba su da suna sai lambobi.

Suwic ba wayar hannu ba ce. Ba a ajiye hoto ko waƙa a cikinsa, yawancin masu shi ma ba su san yana da wurin ajiya ba. Na fara cewa ko na tsohon mai shi ne, tunda na hannu na saya a Kano. Sai na tuna ranar da na kawo shi ni da kaina na share shi tas. Mutum biyu ne kuma a duniya suka san lambar shiga, ni da ɗan Fillo.

Na jawo guda ɗaya zuwa laftof. Ya ƙi buɗewa a matsayin rubutu, ya ƙi a matsayin hoto. Da na gwada shi da abin kunna sauti sai muryar namiji ta cika shagon, da Fillanci, a hankali, kamar mai gudun kada na kusa da shi ya ji. Iska na kaɗawa a bayansa, saniya ta yi kuka, can nesa kuma ƙarar babura ba ɗaya ba. Ni ba na jin Fillanci in ban da gaisuwa da zagi. Amma na ji ya ambaci Batsari, na ji da kunnena.

Wallahi ban san lokacin da na rufe laftof ɗin ba. Na leƙa waje, tela maƙwabcina yana kan kekensa, bai ɗago ba.  Duk wanda ya zauna a ƙasarmu a shekarun nan ya san abin da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan daji rahoto, take yi wa mutum. Ba a kai ka kotu, ba a tambayarka shaida. Na san mai sayar da burodi da aka ɗauka don an ga baƙuwar lamba a wayarsa, har yau iyalansa ba su ga ko takalminsa ba. To ina ga muryar daji, a ɓoye cikin na'ura, a shagon da Bafulatani ke aiki?

Na goge wanda na jawo daga laftof ɗina. Na cikin suwic kuwa na kasa taɓa su. Kayan ba nawa ba ne yanzu, ajiyar da ke ciki ma ba tawa ba ce. Kuma gaskiyar magana ina son in kalli idon ɗan Fillo tukuna. In abin da nake tsoro ne, ba zan share masa sawu in koma gida in ci tuwo ba. Na zuba laftof da wayar a jaka, na kulle shago, na miƙa wa tela makulli kamar kullum, na hau babur.

Na tarar da mahaifiyar abokina a tsakar gida tana tankaɗe. Dole na durƙusa, Inna ina kwana, ina gajiya, ya jikin, ya yara, ya haƙurin zaman gari. Ta tambayi matata, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka. Da ƙyar na samu na ja ɗan Fillo bayan gida, ƙarƙashin dalbejiya.

"Ɗan Fillo, mi ka zuba mini a cikin suwic?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ka saurara?"

"Na saurara! Ban ji komai ba sai sunan garin nan da kukan babura. Kashe ni kake son a yi? Ni da 'ya'yana mi muka yi maka? Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ashe wuta ka rataye mini a bango!"

Ya bari na gama, don ya san halina, in ban zazzage ba ba na jin magana. Sannan ya ce, "Yayana ne, Kaɗo."

Na san yayan nasa, dogo, mai yawan dariya, yakan zo shago cajin waya ranar kasuwa. An ce mana ya yi kudu da kiwon shanun wani. Ashe ƙarya ce suka shirya a gida don bakin mutane. Lokacin da aka kwashe musu garke, shi ya bi sawu har cikin daji, wai zai roƙa a bar musu ko na tatsa. Bai dawo ba. Bayan an fid da rai sai saƙonnin murya suka fara shigowa wayar ƙanen, kowane da lambarsa daban. Yana cewa yana nan da rai, yana kiwo, yana tambayar Inna, yana tambayar ko an yi ruwa a Batsari, yana ambaton shanunsu da sunayensu yana faɗin wadda ta haihu.

"Riƙe shi suka yi ko shiga cikinsu ya yi?" Haka na tambaye shi, ba kwana-kwana.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ban taɓa mayar masa da amsa ba ko sau ɗaya, tsoro ya hana ni." Ya ƙara da cewa, "Bara aka aiko mana ya rasu. Ba gawa, ba kabari. Abin da ya rage mana ke nan."

Ya ce a waya ba su ajiyuwa, don ana binciken waya a hanya. A kwamfuta kowa na buɗewa, filas na kwamfuta kuma a aljihu yake zama, aljihu kuwa ana lalube shi. Sai ya tuna akwatin da ke bango, wanda ba mai kallonsa sau biyu. Inna ba ta taɓa jin saƙonnin ba, don ya san in ta ji sai ta yi kuka har maƙwabta su tambayi dalili. Jira yake ƙasa ta lafa ya kunna mata. Ya yi niyyar kwashe su kafin ranar kasuwa, wurin da zai kai su ne bai samu ba.

Fushina bai tafi ba, amma ya rasa inda zai sauka. Na ce ya hau mu je, a cire su yanzu, in ya so ya haɗiye su.

Muna isa na ga ƙofar shago a buɗe, tela yana tsaye yana murmushi kamar wanda ya yi mini alheri. Wai dillali ya samu motar da ta sauke buhuna za ta koma Safana wayam, ya ga ba amfanin jiran ranar kasuwa, ya karɓi makulli ya kwashe. Ai an riga an sallama, in ji tela. Na dubi bango, ƙusoshi ne kawai da wayoyi suna lilo.

Na kira dillali, na danne muryata. Ya ce in kwantar da hankalina, kaya sun isa lafiya, ba wanda ya tsayar da su, ai babban ɗan Alhaji yana cikin 'yan sintirin garin. Ya ƙara da cewa Alhaji ya kira wani injiniya daga Katsina ya zo ya jona masa, yana ma kan hanya. Innalillahi. Duk injiniyan da ya san aikinsa, abin da na fara dubawa shi zai fara dubawa, kuma yadda na yi karambanin kunnawa haka zai yi, a gaban duk wanda ke ɗakin.

Na ce wa abokina ya zauna, ni kaɗai zan je. Ya ce a'a, kayansa ne. Na zage shi, na ce fuskarsa kaɗai ta isa ta jawo mana tsayawa a hanya. Ya hau bayan babur ya zauna, ya ƙi sauka.

An kuwa tsayar da mu. Wani shinge ne na itace da duwatsu, matasa 'yan sintiri da bindigogin gida suna zaune a inuwa. Ni ko kallona ba su yi sosai ba, shi suka ce ya sauko. Ɗaya ya karɓi wayarsa yana bin lambobi, yana buɗe saƙonni, yana kunna duk muryar da ya gani. Wani ya zuge jakata ya zaro shuɗiyar wayar, ya ce wannan fa ta mece ce? Na ce ta gyaran kwamfuta ce, Alhaji mai makaranta ne ya kira mu. Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, kowannensu akwai wanda ya binne. Amma na tsaya ina kallon mutumin da ya fi ni karatu, ya fi ni tsoron Allah, yana amsa tambayar yaron da ya isa ya haifa da ranka ya daɗe, sai na kawar da kai. Ba su samu komai ba, suka miƙa masa wayar suka ɗaga itacen.

Mun shiga Safana ana kiran azahar. Kayan suna jibge a wani aji da aka fitar wa da benci, suwic ɗin yana kan tebur, injiniya bai iso ba. Alhaji yana zaune a kan kujerar roba, babban ɗansa yana jingine da ƙofa, bindigarsa a gefen bango. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ina amsawa ina sauraron ko zan ji tsayuwar mota a waje.

A hanya na shirya ƙarya, cewa na manta ban cire lambar sirri ba. Da na zauna gaban dattijon sai na ga ba za ta yi ba. Goge fayil kawai bai isa ba, wanda ya san aiki zai iya tono shi. Sai an share ma'ajiyar duka an sake saiti, abin da ya ce kada a yi ke nan, kuma injiniyansa zai gane an yi.

Na ce, "Alhaji, kayanka ne, na sallama, ba ni da iko da su. Alfarma na zo nema. Akwai ajiya a cikin akwatin nan wadda ba ta cikin ciniki, kamar ka sayi riga ka tarar da abu a aljihu. Ina son ka ba ni izini in share shi, in sake maka saiti da hannuna yanzu, ba ko sisi."

"Ajiyar mi?" Ɗan ne ya tambaya daga bakin ƙofa, ba uban ba.

 Kafin in haɗa wata magana abokina ya ce, "Muryar mamaci ce, Alhaji. Yayana."

 Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya daɗe yana dubansa. Ɗan ya gyara tsayuwa ya ce, to a kunna mana mu ji mana, in dai muryar mamaci ce.  Alhaji bai juya ba ya ce masa, "Je ka ka ce a kawo wa baƙi ruwa. Ka tsaya ka yi sallarka kafin ka dawo." Yaron ya ɗauki bindigarsa ya fita, amma ina ganin inuwarsa bai yi nisa da taga ba.

Alhaji ya rage murya. "Ban tambaye ku inda ya rasu ba, kuma kada ku faɗa mini. Ni ƙarfe na saya. Ku share. Amma ku ji sharaɗina: ba za a kunna shi a nan ba, kuma ba za a fita da shi daga makarantata a cikin wata na'ura ba. In aka kama ku da shi a hanya, za a ce daga wurina ya fito, ni ma ina da iyali. Abin da za ku cire, ya ƙare a ɗakin nan."

Na buɗe baki zan yi gardama. Filas yana aljihuna, aikin ɗan lokaci ne, zan iya cusa shi a cikin safa. Abokina ya dafa gwiwata ya girgiza kai. Ya fi ni sanin yadda ake lalube a hanya, shi ake yi wa.

Na jona waya, na kuskure lambar shiga, na sake bugawa. Fayilolin suka fito a jere. Ya matso yana kallonsu, lambobi ne kawai amma shi ya san kowanne. Ya sa yatsa a kan ɗaya ya ce a hankali, wannan ne wanda yake dariya, saniyar Inna ta haifi tagwaye. Na buga umarnin sharewa. Na'urar ta tambaya da Turanci ko na tabbata, ta tsaya tana jira. Na kasa. Na juya laftof ɗin na tura gabansa.

Ya daɗe yatsansa na saman maɓallin. A waje na ji mota ta tsaya, an buɗe ƙofa, wani yana tambayar ina ofishin Alhaji. Na ce, "Ɗan Fillo." Ya ce bismillahi, ya danna.

Sauran aikin ni na yi shi, na mayar da babban fayil daga laftof ɗina, na sake saiti, injiniyan yana tsaye a kaina yana ba ni shawarar da ban tambaye shi ba. Ya duba ma'ajiyar da kansa, kamar yadda na san zai yi, ya ce tsaf take. Alhaji ya rako mu har bakin ƙofa, ya ce mu kama hanya tun rana na sama. Ya riƙe hannun abokina ya ce Allah ya jiƙan musulmi.

Mun bar gari, gonaki sun buɗe dama da hagu, ba kowa a hanya, sai na ji yana magana a bayana. Na ɗauka da ni yake, na rage gudu. Ashe Fillanci yake yi, a hankali, da irin jan muryar da na ji da safe a shago, har da inda mai maganar ke tsayawa ya ja numfashi. Saƙonnin yake maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, in ya yi kuskure ya koma baya ya gyara. Da ya zo wurin dariyar ya gwada yin ta, ba ta fito daidai ba, ya sake gwadawa. Hawaye suka hana ni ganin hanya sosai, na yi ta goge su da kafaɗa.

Can na hango rufin kwano da mutane zaune a bakin hanya wajen mai shayi. Na bari har muka matso, don ina son ya kai ƙarshen wanda yake ciki, amma bai kai ba. Dole na taɓa shi da gwiwar hannu.

"Yi shiru haka nan," na ce masa. "Akwai mutane."

Ya yi shiru.